Tofin Attahiru

A kasuwar Sakkwato, shekarar da ake ta hayaniyar mulkin kai, akwai wani dillalin fatu da ake kira Attahiru. Allah ya yi masa baki. Idan ya ɗaga jar fatar akuya ya fara yabonta, akuyar ma da tana raye sai ta sunkuyar da kai don kunya. Baƙauye zai shigo da niyyar sayar da fata, ya koma gida ya sayi wata, kuma har ya isa bai gane yadda aka yi ba. Ba mugu ba ne, kada a yi masa sharri. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da ya fito daga bakinsa shi ne mutum na farko da yake gaskatawa.

Bayan bakinsa, abin da ya fi yarda da shi a duniya allura ce. A bayan rumfar masu gishiri akwai wani tsohon soja, Kofur Muntari, wanda ya dawo daga yaƙin Bama da sirinji a cikin gwangwanin sigari. Inda yake samo fanisilin, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Yakan tsinka ta da ruwa don ta ishi jama'a, ya tsira wa mutum a tsaye, fuska na kallon bango. Attahiru ba ya fashi. Mura allura, gajiya allura, in ya kwana da ɓacin ran iyali ma allura. Yakan fito yana ɗingishi yana shafa wurin, ya ce wa 'yan kasuwa, "Ni yanzu jinina hwanisilin na zalla. Sauro in ya cije ni, lahiya shika samu."

Abin da allurar Kofur ta kasa shi ne gwaiwa. Attahiru ya ɓoye ta a ƙarƙashin babbar riga har ta fi ƙarfin riga, sannan ya kai kansa asibiti yana cika baki. Likitan da ke fiɗa a lokacin wani Bature ne dogo wanda rana ta gasa wa ƙeya, marasa lafiya suna kiransa Jan Wuya. Ya yi wa Attahiru aiki, aka ɗinke, aka naɗe da bandeji, aka kwantar da shi a ɗakin maza.

To ga inda abin ya faro. Attahiru ba malami ba ne. Makarantar allo ma guduwa ya yi tun bai yi nisa ba, ɗan abin da ya riƙe bai wuce na salla ba. Amma kowace safiya sai ya ɗaga gefen bandejin, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa wa ɗinkin, ya share hanci da babban yatsa saboda taba gari da yake shaƙa, ya shafa yawun da yatsan don ya shiga da kyau. Ciwon kuwa ya kame tas, ko ɗigon ruwa bai yi ba. Jan Wuya ya duba ya yaba wa hannunsa. Attahiru ya yi murmushi ya ƙyale shi, don bai ga amfanin kunyata baƙo ba.

Wani mahauci, Garba, da ke gadon kusa da shi ya ga duk abin da ake yi. Ran da za a sallami Attahiru ya kama masa riga ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ka taɓa min da bakin ga naka kahin ka tahi." Aka taɓa masa. Ɗinkin Garba dama ya riga ya haɗe, ko hura masa iska aka yi zai warke. Amma ya koma mahauta ya ba da labari, kuma labarin da ya bi ta mahauta ba ya kwana bai zaga gari ba.

Daga nan Attahiru ya samu sabon aiki wanda ba a biyansa. Kullum lokacin dubiya zai rufe ciniki ya nufi asibiti da goro a aljihu. Malami, malamin asibitin da ke kula da ɗakin maza, yakan fita sallar la'asar, kuma mutum ne mai tsawaita addu'a. Yana juya baya sai ka ga mazaje suna sassauta bandeji. Attahiru ya bi gado gado, ya karanta, ya tofa, ya shafa. Ko anini bai taɓa karɓa ba. Godiyar ce take masa daɗi, musamman ran da wani tsoho ya kira shi Malam Attahiru, ya yi kamar bai ji ba don a maimaita.

Yana da wa guda ɗaya, Illo, manomin shinkafa a fadamar Kwalkwalawa. Ubansu ya rasu Attahiru na rarrafe, Illo ne ya goya shi, ya ciyar da shi, ya yi masa aure. Illo mutum ne marar magana, kamar dai rabon surutun gidan gaba ɗaya ƙanen ya kwashe. Shi ma gwaiwa ta kama shi, ta yi girman da ba ya iya duƙawa, ga damina ta kawo kai. Attahiru yana son wan nan nasa fiye da yadda yake son jin muryar kansa, wannan kuwa ba ƙaramin so ba ne. Ya ɗauki jaki ya tafi ƙauye.

Illo ya ce, "Ni ba ni zuwa inda za a yanka ni da raina awa ragon layya."

"Haba Yaya. Ni ba a yanka ni ba? Dube ni." Ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. "Baturen ga ya iya yanka, ni kau na iya warkarwa. Tambayi mahauta."

"Mahauta su ka ba da shaidar yanka, ai dole."

"Yaya, ni ka kai ka, ni ka maido ka gida da ƙahwahunka. Na ɗaukam ma alkawali. Kahin shinkahwa ta isa dashe kana cikin fadama."

Illo ya daɗe yana kallon garmarsa da ke jingine a danga. Sannan ya ce wa matarsa ta ɗaure masa riga da buta.

Aikin Illo ya yi kyau. Jan Wuya ya fito yana wanke hannu yana busa fito don jin daɗi. Attahiru kuwa ya tare a asibiti. Sauran marasa lafiya tofi ɗaya suke samu, na Illo sai bakin Attahiru ya bushe. Ya tofa, ya shafa, ya koma ya sake, har Illo ya ce, "Kai, wanka kaka yi min?"

Tun kafin zuwan Illo an fara ganin ɗinkin mutum ɗaya ko biyu na ja yana kumbura, aka ce jikinsu ne ba kyau. Yanzu abin ya game ɗakin. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa, da wanda aka ɗinke wa sara, da wanda aka cire wa yatsa, kowa ɗinkinsa ya ɗau zafi, ya buɗe baki, mugunya rawaya mai kauri na tsatsa. Wari ya kai ga masu dubiya suna tsayawa daga ƙofa su ce Allah ya sawwaƙe su juya. Jan Wuya ya ce a yi musu fanisilin. Aka yi. Ya ce a ninka. Aka ninka har mazauni suka ƙi zaunuwa, ciwo ko gezau. Maganin da aka sani yana tashin wanda aka fid da rai da shi ya koma kamar ruwan randa. Wani tela da ke gadon ƙarshe, ɗan siyasa ne na gaske, ya ce ƙwarin ciwo sun riga mutane samun mulkin kai, sun daina jin maganar Bature.

Jan Wuya ya haukace. Ya sa aka ƙone katifu, aka shafe bango da farar ƙasa, aka dafa almakashi da wuƙaƙe har suka kusa nuna. Ya dakatar da fiɗa. Ya yi wa Malami faɗa da irin Hausarsa wadda mace ke zama namiji, namiji ya zama mace. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ɗakin mata lafiya lau, alhali hannunsa ɗaya, wuƙarsa ɗaya. Daga baya ya ɗauko tsinke mai auduga ya bi hancin ma'aikata kaf yana kwakula, har mai shara, har shi kansa a gaban madubi. Bai samu abin da yake nema ba.

Attahiru kuwa da ya ga ciwo ya yi ƙarfi, sai ya ƙara himma. Me kuma zai yi? A ganinsa maganin Bature ya gaza, saura nasa. Har ruwa yake zuwa da shi a gora don kada yawu ya yanke masa. Wani tsoho mai saran gatari a ƙafa ya cika, Attahiru ya ce ai dama shi ne ke jan bandeji yana ƙin buɗewa sosai.

Ranar da asiri ya tonu, Malami ya fita salla ya manta butarsa. Ya dawo ya tarar da ɗaki tsit, mazaje kwance ciki a buɗe, Attahiru duƙe a kan ɗinkin Illo, leɓe a tsuke.

"La'ilaha illallahu! Attahiru, mi kaka yi?"

"Aikin da kunka kasa."

"Tun yaushe?"

Tela ya amsa daga gadonsa, da alfahari, "Tun bazara. Ba don shi ba da duk mun mutu."

Da Malami ya kai masa labari, Jan Wuya bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ban tsoro. Ya zaunar da Attahiru a kan kujera, ya tura masa tsinken auduga cikin hanci har hawaye ya zubo, ya goga a kan wani ɗan farantin gilashi, ya rufe. Ya ce ya tafi gida, kada ya kuskura ya tako ɗakin maza sai an neme shi. Attahiru ya fita yana atishawa yana cewa hassada ce irin ta masu sana'a ɗaya.

Da aka neme shi, farantai biyu aka ajiye masa. Ɗaya daga hancin Malami, ɗaya daga nasa. A tsakiyar kowanne an ɗiga fanisilin. A na Malami ɗan abin da ya tsiro ya ja da baya, ya bar fili fayau kewaye da maganin. A na Attahiru wasu ɗige-ɗige ne rawaya sun cika faranti, sun hau har kan maganin sun yi zamansu. Likita ya yi bayani, Malami ya mayar da shi Hausar mutane.

"Ya ce ƙwarin da ka cin mutanen ga, irinsu na cikin hancinka. Ido bai ganinsu. Kai ka ɗauko su da yawu da yatsa kana rabawa."

Attahiru ya yi dariya. "To in cikin hancina suke, mi ya hana su ci ni? Ni da nis samu lahiya kahin kowa?"

"Ya ce akwai mutane haka. Suna zaune cikinsu ba su taɓa su, sai sun samu rauni ga wani."

"Hwanisilin kau? Ni da jinina..."

"Ya tambaya ko kana yawan shan allura. Nic ce mai duk kasuwa ta sani. Ya ce ɗan kaɗan kaɗan da ba ya kashewa, shi ka koya musu. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyahwa. Ya ce ba shi rantsuwa ko can wurin mai allura kas samo su ko nan cikin asibiti, amma wanda ka kai su gado gado, wannan an gane shi."

Attahiru ya daina dariya. Ya dubi farantin, ya tuna ɗakin mata da bai taɓa shiga ba. Ya tuna tsoho mai saran gatari. Sannan ya tuna wanda ya fi kowa samun tofi, sai ya kau da kai daga farantin.

Ya ce, "Malami, addu'a hwa nika yi musu."

Malami ya ce a hankali, "Ba wanda yac ce addu'a ta yi laihi. Da ka tsaya gare ta."

Aka ba shi wani man shafawa na hanci, aka gaya wa mai gadi kada ya bar shi ya wuce baranda. Jan Wuya ya buga waya Ikko a aiko da wani sabon magani wanda ƙwarin ba su san shi ba tukuna. Maganin ya hau jirgin ƙasa ya sauka Gusau, aka ɗora a mota, ruwa ya yi gyara ya cinye hanya, mota ta tsaya a bakin wani gulbi tana jiran ya janye. Kullum sai a ce gobe.

A ɗakin maza kuwa tsine wa Jan Wuya ake yi. Sun ce ya kasa warkar da su, ya kuma kori mai warkarwa. Tela ya ce wannan shi ne mulkin mallaka tsagwaronsa. Har saƙo suka aiko wa Attahiru ta hannun mai shara, wai ya tofa a kofin ruwa a shigo musu da shi a ɓoye. Attahiru yana zaune a gindin dogon yaro a bakin asibiti, hanci na ƙyallin mai, ya ce wa mai shara ya ɓace masa da gani. Kasuwa ma ya daina zuwa. Kofur Muntari ya aiko a tambaya ko lafiya, bai samu amsa ba.

Illo ne ya fi kowa jin jiki. Zazzaɓi ya rufe shi, ciwon ya ci ciki, aka ware shi a wani ɗan ɗaki na gefe mai taga ɗaya da ke kallon bayan asibiti. Bai san dalilin da ƙanensa ya daina zuwa ba, don Malami ya rasa bakin gaya masa, Attahiru kuwa ya roƙi kada a gaya. Tsoro yake ji, tsoro mai tsanani, ba na mutuwar Illo kaɗai ba, har da na kallon da Illo zai yi masa.

Wata safiya Malami ya same shi a gindin bishiyar ya ce, "Illo shina kiranka tun asuba. Zagaya ta baya. Ka tsaya ga taga, kak ka sa hannu ciki."

Attahiru ya ɗaure baki da hanci da gefen rawaninsa, ya zagaya ta cikin ciyawa. Illo na kwance dab da tagar. Ya rame har ƙasusuwan fuska sun fito, idanu sun faɗa, leɓe ya tsage. Ya dubi ƙanensa.

"Wari nika yi ko? Shi as sa ka rufe hanci."

"A'a Yaya. Wallahi a'a."

"Baƙi ma ka tofa musu. Ni da munka hito ciki ɗaya, ka tsaya nesa." Ya kai hannu yana laluben bandejin. "Zo. Na buɗe ma da kaina. Bature ba shi nan."

"Yaya bari. Don girman Allah bar shi ruhe."

"To mi nai ma?"

Attahiru ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu, ya tuna an hana shi, ya saki.

"Ƙwarin ga da ka cinka, Yaya, cikin hancina suke. An gwada min, na gani da idona. Ni nik kawo ma su. Ni nis sa ma su da yatsana, kullum, ina ganin gyara nika yi. Kai nih hi yi ma, don kai nih hi so."

Illo ya janye hannu daga bandejin. Ya rufe ido, har Attahiru ya zaci suma ya yi. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi. Dariya yake yi, irin wadda ciwo ke yankewa, yana riƙe ciki.

"Hancin ga naka," ya ce. "Kana yaro kullum majina har baki. Ni ka hyace ma shi da hannuna in shahe ga riga. Ashe ban hyace da kyau ba."

Attahiru ya durƙushe a cikin ciyawa, rawanin ya jiƙe sharkaf.

"Tashi, ƙato da kai. Kana ba ni kunya." Illo ya numfasa. "Ka je ka ce ma matata Habiba ta ba maƙwabta iri su dasa, kas shi lalace. In ka gama ka dawo ka yi min addu'ar daga nan inda kake. Cikin zuci. Na san wuya za ta yi ma, amma ka gwada."

Attahiru ya je ƙauye ya isar da saƙon ga matar wansa, ya dawo ya tsaya a bakin tagar, baki a ɗaure, yana yi cikin zuci. Yana nan tsaye Illo ya cika bayan azahar, washegari.

Motar maganin ta shigo gari ranar sadakar uku. Magani ne mai kyau ƙwarai. Duk sauran suka warke.